Ƙaro

Ƙaro danƙo ne da wasu itatuwan ƙaya ke fitarwa idan ɓawonsu ya ji rauni, ya tsattsafo kamar hawaye, iska ta busar da shi ya daskare. Mafi daraja shi ne na ɗakwara, wanda mutanen Sudan ke kira hashab, sai na dushe, wato talha. A kasuwannin Najeriya na ɗakwara ne lamba ɗaya, na dushe lamba biyu, na sauran itatuwa irin su tsiriri kuma lamba uku. Turawa sun laƙaba masa suna gum arabic, wato ƙaron Larabawa, domin ta hannun fataken Larabawa ya riƙa isa Turai. Tun zamanin Fir'aunoni Misirawa ke haɗa fenti da shi.

Ɗakwara itaciyar fako ce, ƙasa mai yashi da ƙarancin ruwa take so. Sai ta kai kamar shekara 5 take fara ba da ƙaro. Bayan ɗaukewar damina, wajen Oktoba zuwa Nuwamba, in ganye ya soma zuba, mai tsaga yakan ɗaye ɓawon reshe siriri, ba tare da ya taɓa naman icen ba. Sai ya yi haƙurin mako 4 zuwa 6. Idan ya dawo zai tarar da dunƙule-dunƙule masu ruwan zuma, wasu kamar ƙwan tantabara, ya tsince su da hannu a tsakanin ƙayoyi. Aiki ne mai cin fata, ga shi abin da itaciya guda ke bayarwa a shekara galibi bai kai rabin kilo ba.

Sudan ce kan gaba a duniya, musamman yankin Kordofan, inda kasuwar birnin Al-Ubayyid ta yi suna. Chadi da Najeriya na biye. A Najeriya an fi samun sa a Borno da Yobe da Jigawa, kuma akwai tashar bincike kan ƙaro a Gashuwa. Yaƙin da ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 ya girgiza cinikinsa ƙwarai.

Sirrin ƙaro shi ne yana narkewa sarai a ruwa, ba shi da wari, ba shi da wani ɗanɗano, kuma yana riƙe mai da ruwa su zauna tare kada su rabu. Shi ya sa kamfanonin lemon kwalba da alewa ba sa rabuwa da shi. Lambar E414 da ake gani a jikin kwali shi take nufi. Har lokacin da Amurka ta ƙaƙaba wa Sudan takunkumi daga 1997, an bar wa ƙaro ƙofa.

A harhaɗa magunguna shi ke ɗaure garin ƙwaya kada ta farfashe, yana kuma ba maganin tari kauri da santsi a maƙogwaro. A gona ana dama shi a shafe irin waken suya, domin ƙwayoyin halittar da ke taimaka wa saiwa samar da taki su manne wa irin kafin shuka. Ita kanta ɗakwarar tana gyara ƙasa, saiwarta na riƙe yashi. Manoman Kordofan sun daɗe da sanin haka: sukan yi 'yan shekaru suna noma gero da riɗi da gyaɗa, ƙasa ta gaji su bar wa ɗakwara ita, su ci ƙaro shekaru, sannan su sare su koma noma.

A ƙasar Hausa kuwa makarantar allo ce ta fi kowa sanin sa. Almajiri yakan jiƙa ƙaro ya haɗa da zuge, tawada ta yi kauri da sheƙi, ta kama allo ba tare da ta zube daga bakin alƙalami ba. Masu wankin hula ma suna sa shi don hula ta tsaya ƙyam. Masu ɗab'i da masu zanen fentin ruwa a ko'ina suna amfani da shi, haka masu manna takarda.

Abin takaici, mafi yawan ƙaron Afirka ɗanye ake fitar da shi cikin buhuna. A ƙasashe irin su Faransa ake tace shi a mai da shi gari, kuma a can ne ribar mai tsoka take tsayawa.