Ma'anar Wi-Fi da Saƙon "An Haɗa, Babu Intanet"

Kalmar Wi-Fi ta shiga bakin kowa a 'yan shekarun nan, har ana jin ta a shirye-shiryen rediyo, da tallace-tallacen otal-otal da makarantu, da jawaban 'yan siyasa masu alƙawarin samar da "Wi-Fi kyauta" ga ɗalibai. A kusan duk waɗannan wurare ana faɗin ta ne da nufin intanet, tamkar sunaye biyu ne na abu guda. Wannan kuskure ne da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, domin illarsa ba ta tsaya a fatar baki ba. Shi ne yake jefa mutum cikin ruɗani ranar da wayarsa ta nuna alamar Wi-Fi a cike fal, amma ko shafi ɗaya ya ƙi buɗewa, sai ga ɗan rubutu a ƙasa yana cewa an haɗa amma babu intanet.

Wi-Fi hanya ce ta sada na'urori da juna ta siginar rediyo a cikin ɗan taƙaitaccen wuri, galibi a zangon gigahaz 2.4 ko 5, ba tare da an ja kebul ba. Ƙa'idar da aka gina shi a kanta ita ce IEEE 802.11, wadda ta fara fitowa a 1997. Sunan kuwa a 1999 aka ƙirƙira shi, lokacin da ƙawancen kamfanonin da ke ƙera irin waɗannan kayayyaki ya ɗauki kamfanin Interbrand ya samo musu suna mai daɗin faɗa, domin babu mai saye da zai riƙe waɗancan lambobi a kansa. Saboda haka sunan kasuwanci ne kawai, kuma babu inda ya yi wa kowa alƙawarin intanet. Iyakar aikin Wi-Fi shi ne tsakanin wayar mutum ko kwamfutarsa da akwatin nan da ke ajiye a kusurwar ɗaki.

Shi ma akwatin ana yi masa kuɗin goro, alhali na'urori biyu ne masu aiki daban-daban, ko da yake kamfanoni da yawa suna haɗa su a gangar jiki ɗaya. Rauta ita ce mai raba wa na'urorin gida adireshi, wato lambar da ake gane kowacce da ita, da kuma watsa siginar Wi-Fi. Modem kuwa shi ne mai magana da kamfanin da ke sayar da intanet, ko ta layin tarho, ko ta kebul ɗin faiba, ko ta katin sim. Lamarin ya yi kama da gidan da aka shimfiɗa wa bututu masu kyau har zuwa kowane ɗaki: lafiyar bututun cikin gida ba ta tabbatar da cewa ruwa yana zuwa daga babban layi ba. Alamar Wi-Fi da ta cika tana ba da labarin ƙarfin sigina ne tsakanin waya da rauta, kuma za ta ci gaba da cika ko da an zare kebul ɗin kamfani gaba ɗaya.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne yadda na'ura take gane cewa babu intanet, domin wanda ya fahimci wannan zai daina ɗaukar saƙon a matsayin shirme. Da zarar waya ko kwamfuta ta haɗu da rauta, sai ta yi wani ɗan gwaji a ɓoye. Kwamfuta mai Windows tana neman wani ƙaramin fayil daga na'urorin Microsoft, ta duba ko abin da ke cikinsa ya yi daidai da abin da ta sani. Wayar Android tana aika tambaya zuwa wani adireshi na Google, tana jiran amsa wadda babu komai a cikinta sai lambar 204. Na'urorin Apple kuma suna buɗe wani shafi mai ɗauke da kalma ɗaya tak. Idan amsar da ake jira ta dawo, na'ura ta yi shiru. Idan ba ta dawo ba, sai ta fito da saƙon nan. Idan kuma wani shafi na daban ne ya dawo a madadin amsar, na'ura takan fahimci cewa an tare hanya ne, kamar yadda ake yi a otal ko filin jirgin sama, sai ta nemi mutum ya shiga ya yi rajista. Wasu kamfanonin intanet ma haka suke yi wa wanda kuɗinsa ya ƙare, su karkatar da duk abin da ya nema zuwa shafin biyan kuɗi. Ke nan saƙon bayani ne mai daraja ƙwarai: yana cewa siginar da ke tsakanin waya da rauta lafiya lau take, galibi kuma daga rauta zuwa gaba ake neman matsalar. Wanda ya ɗauki Wi-Fi da intanet abu ɗaya ne ba zai amfana da wannan bayani ba, sai dai ya yi ta kashe Wi-Fi ɗin wayarsa yana kunnawa, yana matsawa kusa da akwatin, yana gyara abin da bai lalace ba.

Tambayar farko da ta kamata a yi ita ce ko na'ura ɗaya ce ta rasa intanet ko duk na'urorin gidan. Idan ɗaya ce, galibi laifin yana jikinta, kuma sau da yawa adireshinta yakan tona asiri: kwamfutar da adireshinta ya fara da 169.254 ba ta samu komai daga rauta ba, ita ta laƙaba wa kanta wannan lamba. Kwanan wata da agogon da suka kauce su ma suna hana shafuka masu tsaro buɗewa, haka nan manhajar VPN, mai bi da intanet ɗin mutum ta wata ɓoyayyiyar hanya, idan ta maƙale. Idan kuwa duk na'urorin ne, sai a koma kan fitilun akwatin. A na'urorin faiba, jar fitila a wurin da aka rubuta LOS tana nufin hasken da ke bi ta cikin kebul ɗin bai iso ba, wataƙila ya lanƙwashe ko ya tsinke a wani wuri, kuma babu abin da mai gida zai danna ya dawo da shi. A layin tarho, fitilar DSL da ke ta ƙyaftawa ba ta tsaya ba tana nufin modem bai daidaita da na'urar kamfani ba. Cire wuta daga modem da rauta na kamar minti ɗaya, sannan a fara kunna modem a jira fitilunsa su natsu kafin a kunna rauta, yana warware matsaloli masu yawa, domin yana tilasta wa na'urar ta sake neman adireshi daga kamfani.

Rauta tana da shafinta na kanta, wanda ake shiga ta hanyar rubuta 192.168.0.1 ko 192.168.1.1 a burauza, ko kuma lambar da aka manna a bayan akwatin. Buɗewar wannan shafi a lokacin da babu intanet ita kanta hujja ce kan bambancin da nake magana a kai. A ciki ana iya ganin adireshin da kamfani ya ba rautar, kuma idan wurin fanko ne ko an ga 0.0.0.0, to kamfanin bai karɓe ta ba tukuna. Idan akwai adireshi amma shafuka sun ƙi buɗewa, zargi ya koma kan DNS, wato tsarin da Paul Mockapetris ya ƙirƙira a 1983 don mayar da sunayen shafuka zuwa lambobin da na'urori ke ganewa. Sauya shi zuwa 8.8.8.8 na Google, wanda aka buɗe wa jama'a a 2009, ko 1.1.1.1 na Cloudflare da ya zo a 2018, yakan nuna nan take ko a nan gizo yake saƙa.

Babbar ɓarnar da ruɗanin nan ke haifarwa tana cikin ɗan ramin da ke bayan rauta. Masu ba da shawara a rediyo sukan ce a "yi riset", ba tare da sun bambance kashewa da kunnawa daga mayar da na'ura yadda ta fito daga masana'anta ba. Wanda ya sa allura ya danne maɓallin da ke cikin ramin nan na daƙiƙoƙi goma ya goge komai, har da suna da kalmar sirrin da kamfani ya shigar a layukan da ke amfani da tsarin PPPoE, wato waɗanda sai da su rauta ke haɗuwa da kamfani. Matsalar da wataƙila ta kamfani ce, wadda za ta wuce da kanta cikin awa guda, sai ta rikiɗe ta zama ta mai gida, Wi-Fi ya dawo da sunansa na asali, intanet kuwa ba zai dawo ba sai an sake shigar da bayanan. A ganina bai dace a furta wannan shawara ga jama'a ba sai tare da gargaɗinta.

Akwai kuma lokacin da Wi-Fi da intanet duk suna lafiya, shafin da ake nema ne ya faɗi. A ranar 4 ga Oktoba 2021, Facebook da WhatsApp da Instagram sun ɗauke na kimanin awa shida saboda kuskuren saiti a cikin kamfanin da kansa, kuma babu rautar da aka kashe aka kunna a ranar da ta dawo da su. Gwada wani shafi na daban kafin a taɓa komai ya isa ya raba gardama.

Wannan ne ya sa nake ganin alƙawarin "Wi-Fi kyauta" magana ce da ba ta cika ba. Kafa rauta a harabar makaranta abu ne mai sauƙi, kuma za ta nuna alama a cike a wayar kowane ɗalibi. Abin da ya kamata ɗan jarida ya tambaya shi ne wane layi aka haɗa mata, nawa ne ƙarfinsa idan aka raba shi ga ɗaruruwan mutane, kuma wa zai riƙa biyan kuɗinsa duk wata. Mai gida kuma idan zai kira kamfani, maimakon ya ce Wi-Fi ɗinsa ya lalace, ya faɗa musu cewa duk na'urorinsa suna haɗuwa da rauta, ya ambaci fitilar da ta yi ja ko take ƙyaftawa, ya kuma karanta musu abin da shafin rautar ya nuna a wurin adireshin kamfani.