Wace Shekarar Ƙira Ce Ta Fi Kyau Ga Mai Sayen Babur ɗin Daji Na Hannu?

Mai neman babur na hannu don ratsa daji, duwatsu da yashi yakan fara da tambayar shekara. Tambaya ce mai kyau, amma amsarta na ga sanin lokacin da kamfani ya sauya ƙira.

Shin sabuwar shekara ce kullum ta fi?

A'a. Kamfanoni ba sa sake babur duk shekara. Suna fitar da ƙira guda, su riƙe ta shekaru, suna sauya fenti da sitika kawai. Suzuki DR-Z400 ya fito a 2000, ya kai 2024 da kafireto da giya biyar, kusan yadda yake. Honda XR650L ma tun 1993 bai sauya wani abin kirki ba. A irin waɗannan, na 2008 da aka kula da shi ya fi na 2018 da aka wahalar, kuma ƙarin kuɗin da za ka biya don shekara kuɗin fenti ne.

To a ina shekara ke da tasiri?

A inda aka sauya ƙira gaba ɗaya: sabon inji, sabon shasi, ko barin kafireto zuwa injekta, wato na'urar da ke fesa wa inji fetur ta hanyar lantarki. Yamaha WR450F ya koma injekta a 2012, WR250F a 2015. Honda ta maye gurbin CRF230F da CRF250F mai injekta a 2019, sannan CRF300L ya gaji CRF250L a 2021. KTM ta sa injekta a baburanta na daji na 250 da 300 masu bugu biyu (injin da ke ƙona baƙin mai tare da fetur) a 2018, har da fanfon da ke zuba baƙin mai da kansa, mai babur ya huta da haɗa shi da fetur. A waɗannan gaɓoɓi, tazarar shekara ɗaya babur biyu ne daban.

Shawararmu ita ce a guji shekarar farko ta sabuwar ƙira. A nan ne kurakuran da gwajin masana'anta bai kama ba suke bayyana a hannun masu hawa. WR450F na 2003 ya yi suna wajen karya ɗan ƙaramin makullin ƙarfe da ke riƙe maganaɗisu a kan ƙaranshaf, inji ya mutu a tsakiyar hanya. Kawasaki KLR650 na 2008 an san shi da shan baƙin mai. Shekaru biyu ko uku na ƙarshen ƙira su ne suka fi kwanciyar hankali: an gyara abin da ya dame ta, makanikai sun san ta ciki da waje, kayan gyara sun wadata.

Kafireto ko injekta?

Kafireto ana kwance shi da sukudireba a gindin bishiya. Matsalarsa ajiya: in fetur ya kwana watanni a ciki, sai ya daskare ya toshe ƙaramin ramin da ke ba da mai a silo, babur ya ƙi tashi sai da cok. Haka kuma in an hau tudu mai tsayi inda iska ta yi ƙaranci, mai yakan yi wa inji yawa. Injekta na daidaita kanta da tsayi da sanyi, amma tana dogara da batir mai ƙarfi, fanfon mai da tsaftataccen fetur. In fanfon ya mutu a daji, sai dai a tura babur ɗin a fito da shi. Wanda zai yi nisa da gari kuma ya iya gyara da hannunsa, kafireto bai zame masa koma baya ba.

Yaya zan tabbatar da shekarar da mai sayarwa ya faɗa?

Duba lambar shasi a wuyan babur, inda kan ke juyawa. Tana da harafi da lamba 17, kuma a yawancin babura na goma shi ne shekarar ƙira: 1 zuwa 9 na nufin 2001 zuwa 2009, harafin A na nufin 2010, B 2011, har zuwa L 2020. Ba a amfani da I, O, Q, U da Z a wannan gurbi. Shekarar rajista ba ita ce shekarar ƙira ba. In ka ga alamar gurza ko sabon fenti a kan lambar, ka bar babur ɗin.

Me ya fi shekara muhimmanci?

Awannin da inji ya yi, da yadda aka kula da shi. Babur ɗin tsere a daji irin KTM EXC-F na son canjin baƙin mai kamar duk awa 15, yayin da Yamaha WR250R, wanda aka yi daga 2008 zuwa 2020, sai kilomita 42,000 ake duba bawul ɗinsa. Ba a auna su da ma'auni ɗaya.

Ka nemi a bar maka injin da sanyinsa. Taɓa salansa ka tabbatar. Inji mai bugu huɗu da ke wahalar tashi da sanyi amma ya tashi da turi, sau da yawa bawul ɗinsa ne ya matse. Cire matatar iska, ka zura yatsa cikin bututun da ke bayanta. In yatsan ya fito da ƙura mai gursa-gursa, yashi ya riga ya shiga inji yana cin fistan da bawul, ko da babur ɗin bara aka ƙera shi. Ɗaga ƙafar baya sama ka girgiza ta hagu da dama: motsi na nufin boris ya ci. Duba ko mai na tsiyaya a shokozoban gaba, ko lagireto ya lanƙwashe, ko haƙoran da sarƙa ke hawa sun karkace kamar ƙugiya. Leƙa ƙarƙashin shasi ma, domin a nan duwatsu ke barin shaidarsu.

Tsohon babur fa, za a samu kayansa?

Ya danganta da tsawon ran ƙirar. Honda XR400R an daina shi tun 2004, amma shekara tara ana yin sa daga 1996, don haka fistan, kulochi da gasket ɗinsa ba su ɓace ba. Wanda ke ba da wahala shi ne babur da aka yi shekara biyu ko uku aka watsar. Kafin ka biya, nemi kayayyaki uku da lambar ƙirarsa: fistan, kwayil ɗin caji da robobin jiki. In ɗaya ya gagara samuwa yau, zai gagara ranar da babur ya tsaya.