Alamta metod na gwaji da faɗuwar iƙirari a gwajin manhaja

Gwajin ɓangare hanya ce da masu rubuta manhaja ke bi wajen duba ƙananan sassan shirin kwamfuta ɗaya bayan ɗaya, ta hanyar rubuta wani ɗan shiri da zai gudanar da sashen ya kuma duba sakamakonsa. Kowane tsarin gwaji dole ya amsa tambayoyi biyu. Ta farko, yaya zai gane cewa wani metod (wato ɗan guntun shiri mai suna da ke yin aiki ɗaya) gwaji ne, ba aikin yau da kullum na shirin ba? Ta biyu, me zai yi idan abin da gwajin ya yi iƙirari a kai bai tabbata ba?

Akasarin tsarin da ake amfani da su yau tushensu ɗaya. Kent Beck ne ya fara rubuta SUnit don yaren Smalltalk, sannan a 1997 shi da Erich Gamma suka rubuta JUnit don Java a cikin jirgin sama daga Zurich zuwa Atlanta. Daga nan salon ya bazu zuwa wasu yaruka, har ana kiran dangin gaba ɗaya xUnit.

Alamta gwaji

Hanya ta farko ita ce ta suna. A JUnit 3, sai aji (wato rukunin da ake tara metod-metod a ciki) ya gaji ajin TestCase na JUnit, kuma sunan kowane metod na gwaji ya fara da "test". Tsarin yana leƙa cikin ajin lokacin da shirin ke gudana, ya tsinto sunayen da suka dace ya kira su. Kayan gwajin unittest, wanda ya shiga Python tun sigar 2.1 a 2001, haka yake yi har yanzu, pytest, wani kayan gwajin Python, shi ma yana neman fayiloli da ayyukan da suka fara da wannan kalma. A Go, fayil ɗin ya ƙare da _test.go, sunan aikin kuma ya fara da Test.

Wannan hanya tana da sauƙi, amma tana da rami mai haɗari. Idan hannu ya kuskure aka rubuta "tset" maimakon "test", babu wanda zai yi ƙorafi. Metod ɗin zai zauna a wurinsa shiru, ba a taɓa gudanar da shi ba, rahoto kuma zai fito kore, alamar komai lafiya. Mai shirin zai ɗauka sashen yana da kariya alhali ba shi da ita.

Hanya ta biyu ita ce tambari da ake rubutawa a saman metod. NUnit na dandalin .NET yana amfani da [Test], MSTest yana amfani da [TestMethod], xUnit.net kuwa ya raba su biyu: [Fact] ga gwajin da bai karɓi bayanai ba, [Theory] ga wanda ake maimaitawa da bayanai daban-daban. Java ta samu irin wannan tambari a sigarta ta 5 a 2004, JUnit 4 ya fito da @Test a 2006. Rust tana da #[test]. Fa'idar a fili take: tambari da aka rubuta ba daidai ba, kwamfaila (manhajar da ke fassara rubutun shiri zuwa abin da kwamfuta za ta gudanar) za ta ƙi shi nan take, kuma suna ya samu 'yancin bayyana abin da ake gwadawa. Sai dai wanda ya manta tambarin baki ɗaya ya koma cikin tsohon ramin.

Akwai kuma tambarin tsallake gwaji da gangan, kamar @Ignore a JUnit 4 da @Disabled a JUnit 5. Gara a yi amfani da su da a share gwajin ko a mayar da shi sharhi (rubutun da kwamfuta ba ta gudanarwa), domin rahoto zai ci gaba da ƙirga shi cikin waɗanda aka tsallake, ba zai ɓace daga ido ba.

Idan iƙirari ya faɗi

Iƙirari shi ne layin da ke cewa, alal misali, idan an haɗa 2 da 3 dole a samu 5. A yawancin tsarin, faɗuwarsa tana kaɗa ƙararrawar kuskure ta musamman, wadda ke katse metod ɗin a daidai wannan layi ta haura sama har shirin da ke gudanar da gwajin ya kama ta. Shi kuma sai ya rubuta saƙon da lambar layin, ya gudanar da aikin tsaftacewa na bayan gwaji, ya wuce gwaji na gaba. Faɗuwar gwaji ɗaya ba ta hana sauran gudana.

Tsoffin tsarin xUnit sun bambanta faɗuwa da kuskure. Faɗuwa ita ce an duba an ga sakamako ya saɓa wa abin da ake tsammani. Kuskure kuwa shi ne shirin ya tuntsure kafin a kai ga dubawa, kamar raba lamba da sifiri. Unittest yana nuna na farko da harafin F, na biyu da E, wanda ya wuce lafiya kuma da ɗigo.

Tun da ƙararrawa ce ke ɗauke da labarin faɗuwar, duk abin da ya tare ta a hanya ya haɗiye labarin. Nan ne matsalar da ta fi cancantar kulawa take. A Java, wannan ƙararrawa, mai suna AssertionError, tana ƙarƙashin rukunin Error ne, ba Exception ba, don haka layin da ke kama Exception ba zai riƙe shi ba. A Python kuwa AssertionError ɗan Exception ne, saboda haka "except Exception" da aka kewaye iƙirari da shi zai shanye faɗuwar, gwajin ya fito kamar ya ci nasara. Haka ma iƙirarin da ya faɗi a wani zaren aiki na daban (wato ɓangaren shirin da ke gudana a lokaci guda a gefe): ƙararrawar ba ta isa zaren da mai gudanarwa ke saurare. Shi ya sa takardun Go suka ce a kira t.Fatal daga zaren gwajin kansa kawai.

Wani lokaci kuskuren ne ma ake son gani, misali a tabbatar shirin ya ƙi kalmar sirri marar komai. JUnit 4 yana barin a rubuta nau'in kuskuren da ake jira a cikin tambarin @Test, amma hakan yana karɓar kuskuren daga kowane layi na metod ɗin, ko da daga shirin fage ya fito. JUnit 5, wanda ya fito a 2017, ya kawo assertThrows da ke kewaye layin da ake nufi kaɗai, kuma wannan ya fi aminci nesa ba kusa ba. A pytest, pytest.raises ne ke yin wannan aiki.

Tsayawa ko ci gaba

Ba dole ba ne faɗuwa ta katse gwaji. GoogleTest na C++ yana da iyali biyu: ASSERT_ yana tsayawa nan take, EXPECT_ yana rubuta faɗuwar ya ci gaba. Go ba ta da iƙirari a kayanta na asali ko kaɗan. Mai shiri yana kwatantawa da kansa, ya kira t.Errorf idan yana son ci gaba ko t.Fatalf idan yana son tsayawa. JUnit 5 yana da assertAll da ke tara faɗuwa da yawa a rahoto ɗaya. Tsayawa ta dace idan layin gaba ya dogara ga na baya, kamar tabbatar da jeri ba fanko ba ne kafin a karanta abu na farko. Ci gaba ya dace idan ana duba siffofi masu zaman kansu na sakamako ɗaya.

Ingancin saƙon faɗuwa ma yana da muhimmanci. A JUnit, assertEquals yana karɓar abin da ake tsammani tukuna, sannan abin da aka samu, TestNG, wani tsarin gwajin Java, kuwa akasin haka yake, kuma wanda ya juya su zai karanta saƙo a birkice. Pytest yana sake rubuta layukan assert lokacin loda fayil ɗin gwaji, don ya nuna ƙimar kowane gefe idan an faɗi. Lambobi masu ɗigo kuma ba a kwatanta su kai tsaye, tunda 0.1 da 0.2 ba sa ba da 0.3 cif-cif a lissafin kwamfuta. Sai a ba da ɗan tazarar da aka yarda da ita, kamar yadda assertAlmostEqual da pytest.approx suke yi.