Ra'ayi a salula: abin da dokar intanet take hukuntawa

Tun da aka rusa jam'iyyun siyasa a Nijar ranar 26 ga Maris 2025, maganar da ke yawo a fadojin matasa, daga unguwar Zariya har Ali Ɗan Sofo a Maraɗi, ita ce duk wanda ya faɗi ra'ayinsa kan mulki a salula zai kwana gidan kaso. Wasu sun fice daga gurup na WhatsApp, har da na unguwa inda ake sanar da suna da rasuwa. Wasu kuma sun kafe cewa tunda ba su suka rubuta ba, turawa kawai suka yi, babu ruwansu. Dukansu sun yi kuskure.

Rusa jam'iyyu ya shafi ƙungiyoyin ne. Dokar da ke hukunta magana a intanet daban take, kuma ta girme shi: doka mai lamba 2019-33 ce ta 3 ga Yuli 2019. A 2022, zamanin shugaba Bazoum, an cire ɗauri kan zagi da ɓata suna. Shugaban mulkin soja Janar Tiani ya maido da shi a gyaran da ya sa wa hannu ranar 7 ga Yuni 2024. Ta hau kan kowa, ɗan jarida da ɗan kabu-kabu.

Ɓata suna shi ne ka jingina wa wani aikin da zai zubar masa da mutunci, kamar ka ce wane ya cinye kuɗin gyaran hanya. Zagi kuwa baƙar magana ce tsura, ba tare da ka ɗora masa wani aiki ba. Kowanne hukuncinsa ɗaurin shekara 1 zuwa 3 da tarar miliyan 1 zuwa 5 na sefa. Wanda ya ce wuta na yawan ɗaukewa, ko tiyar hatsi ta yi tsada, ko bai gamsu da wani tsari ba, bai zagi kowa ba, bai ɓata sunan kowa ba.

Inda gizo ke saƙa shi ne laifi na uku: watsa abin da zai iya dagula zaman lafiyar jama'a ko ya keta darajar ɗan Adam. Nan ɗaurin shekara 2 zuwa 5 ne, tara miliyan 2 zuwa 5. Dokar ta ambaci wanda ya ƙirƙiri abin, da wanda ya miƙa shi ga wani, da wanda ya watsa shi. Ke nan mai danna "tura" yana ciki, ko rubutu ne, ko hoto, ko saƙon murya.

Sannan ta ƙara cewa hukuncin yana nan ko da labarin gaskiya ne. Wannan gaɓa ce mutane suka fi kasa haɗiyewa, kuma suna da hujja. Ana iya gane dalilin hana yaɗa hotunan gawarwaki bayan hari a kan iyaka, don iyalan mamatan ma suna riƙe da salula. Amma dokar ba ta zana iyakar "dagula zaman lafiya" ba, ta bar wa mai gabatar da ƙara da alƙali su auna. Talaka bai san inda layin yake ba sai ya taka shi, shi ya sa da yawa suka zaɓi yin shiru ko a kan abin da babu laifi a faɗa.

Goge saƙo ba ya wanke mutum, don hoton allon da wani ɗan gurup ya ɗauka yana iya zuwa gaban jandarma. Kafin ka tura, duba ko an ambaci sunan mutum da zargi, ko akwai hoton gawa ko na wanda aka wulaƙanta, ko labarin tsaro ne da ba ka san mafarinsa ba. Idan an kira ka komisariya kan wani saƙo, nemi lauya, kuma kada ka sa hannu a takardar bayanin da aka rubuta da Faransanci sai an karanta maka ita da Hausa.