Dokar virtio: hannu biyu a akushi ɗaya, wa ke da ikon taɓa me?

Duk wanda ya taɓa karɓar hayar sabar a intanet don ya ɗora shafinsa ko manhajarsa, da wuya a ce bai ci moriyar virtio ba, ko da bai taɓa jin sunan ba. Sabar da aka ba shi haya yawanci baƙuwa ce da ke zaune a cikin wata babbar kwamfuta tare da wasu baƙi da yawa. Faifan ajiyarta da katin sadarwarta duk na kwaikwayo ne, manhajar mai masauki ce ke taka rawarsu. Hanyar da baƙuwar ke miƙa wa wannan faifai aiki ta karɓi amsa ita ce wani yanki na ƙwaƙwalwar kwamfuta da su biyun suke gani, suke kuma iya taɓawa a lokaci guda. Inda hannu biyu ke shiga akushi ɗaya kuwa, dole a san gefen kowa, kuma virtio shi ne tsarin da ya fayyace wannan.

Rusty Russell, wani masanin manhaja ɗan Ostireliya da ke aiki da IBM a lokacin, shi ya tsara virtio, kuma tsarin ya shiga Linux, babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, a bugunta na 2.6.24 a farkon 2008. Daga baya ƙungiyar OASIS ta ɗauki nauyin mayar da shi rubutacciyar ƙa'ida: bugu na 1.0 ya kammala a 2016, na 1.1 a 2019, na 1.2 a 2022. Da ita QEMU yake aiki, haka Firecracker na Amazon da crosvm na Google, dukkansu manhajojin mai masauki ne. Kundin yana amfani da kalmomin hukunci da wata takarda mai lamba RFC 2119 ta fayyace tun 1997, kuma duk wanda ya zauna gaban malamin fiƙihu zai gane su nan take: akwai wajibi, akwai haram, akwai abin da aka so a yi, akwai abin da aka ƙi, akwai wanda aka bar wa mutum zaɓi. Babu kotu, babu tara. Hukuncin wanda ya saɓa shi ne bayanai su gurɓace, ko kwamfuta ta tsaya cik tana jiran amsar da ba za ta zo ba.

Ɓangarori biyu dokar ta sani. Akwai direba, ba na mota ba, ƙaramar manhajar da ke cikin baƙuwar kwamfuta wadda ta iya magana da na'ura. Sai na'urar kanta, ko ta kwaikwayo ce ko ta ƙarfe. Layin da ke tsakaninsu shi ake kira virtqueue.

A kwatanta shi da wurin niƙa. Yarinya ta zo da kwano biyu, ɗaya cike da dawa, ɗaya babu komai, ta ajiye a layi ta tafi harkarta. Mai inji ya ɗauka, ya niƙa, ya zuba gari a wanda babu komai, ya ajiye a ɗaya gefen. A tsarin asali, wanda ake kira rababben layi, abubuwa uku ne ke riƙe da wannan ciniki. Na farko rajistar kwanuka: kowane gurbi a cikinta bayit 16 ne (bayit ma'aunin girman bayanai ne), yana faɗin inda kwanon yake a ƙwaƙwalwa, girmansa, ko na karantawa ne ko na zubawa, da kuma lambar kwanon da ke biye da shi idan aikin ya fi ƙarfin kwano ɗaya. Na biyu zoben miƙawa, inda direba ke rubuta lambar kwanon farko na kowane aiki. Na uku zoben mayarwa, inda na'ura ke rubuta aikin da ta gama. Idan layin mai gurbi 256 ne, rajistar za ta ci bayit 4096, zoben miƙawa 518, zoben mayarwa 2054.

Ga yadda karatu daga faifai yake tafiya. Direba yakan haɗa kwano uku a jere: na farko mai bayit 16 ɗauke da umarni da lambar wurin da za a karanta, na biyu fanko inda bayanan za su sauka, na uku bayit ɗaya tak inda na'ura za ta rubuta sifili idan komai ya tafi daidai, ko 1 idan an samu matsala. Wajibi ne kwanukan karantawa su riga na zubawa a jerin. Haram ne jerin ya zagayo ya ciji wutsiyarsa, kuma haram ne jimillarsa ta wuce bayit biliyan huɗu da ɗoriya. Amma an hana na'ura ta dogara da cewa kullum kwano uku za ta gani. Direba na da damar ya raba saƙon yadda ya ga dama, na'ura ta bi jerin ta haɗa.

Zuciyar dokar, a ganina, ita ce babu kwaɗo ko ɗaya a wannan ɗaki. Babu inda aka ce wannan ya kulle, ya gama, sannan wancan ya shiga. Abin da aka yi shi ne raba gona. Rajista da zoben miƙawa na direba ne, shi kaɗai ke rubutu a ciki. Na'ura ta karanta kawai, kuma an haramta mata taɓa ko gurbi ɗaya na rajistar. Zoben mayarwa na na'ura ne. Kwanon da aka yi wa alamar karantawa, haram ne na'ura ta rubuta a ciki. Wanda aka yi wa alamar zubawa, an ƙi ta leƙa abin da ke ciki, sai dai don binciken matsala. Tunda ba a taɓa samun alƙalami biyu a kan layi ɗaya ba, rigima ba ta da ƙofar shiga.

Kowane zobe yana da ƙidayar da ke nuna inda mai shi ya kai. Gaba kawai take tafiya. An hana direba ya rage tasa, ma'ana abin da ka miƙa ka miƙa, babu cewa dawo min da kwanona na fasa, domin ba ka da tabbacin mai inji bai riga ya ɗauka ba. Ƙidayar bit 16 ce, wato bayit biyu, idan ta kai 65535 sai ta koma sifili. Wannan ne ya sa a rababben layi yawan gurabe ya zama dole ya fito daga ninkin biyu, 128 ko 256 ko 512, iyaka 32768: irin waɗannan lambobi ne kawai ke raba 65536 ba saura, don haka komawa sifili ba ta sa kowa ya ɓata gurbinsa.

Inda masu rubuta direba suka fi yin tuntuɓe shi ne jerin aiki. Doka ta ce a cika rajista, a sa lamba a zobe, sannan a ƙara ƙidaya. Ajiye kaya kafin ka kira mai ɗauka, wa zai yi musu? Matsalar ita ce kwamfutocin zamani ba sa bin jerin da aka rubuta musu sau da ƙafa. Manhajar da ke fassara umarni da kuma ƙwaƙwalwar sarrafawa duk suna iya sauya jerin rubuce-rubuce don neman sauri, har ɗaya ɓangaren ya ga ƙidaya ta ƙaru alhali gurbin da take nunawa tsohon abu ne a ciki. Shi ya sa aka wajabta wa direba ya kafa shinge kafin ya taɓa ƙidaya, wato wani umarni na musamman da ke cewa duk abin da na rubuta a baya sai ya bayyana kafin na gaba. Abin takaicin wannan kuskure shi ne yakan ɓuya. A kan ƙwaƙwalwar sarrafawa ta Intel da AMD, waɗanda ba sa sauya jerin rubutu da rubutu, manhaja na iya yin shekaru lafiya lau, ranar da aka kai ta kan ARM, wani nau'in ƙwaƙwalwar sarrafawa da ke iya sauya jerin, sai asiri ya tonu.

Ita ma na'ura haka aka ɗaure ta. Sai ta gama zuba bayanai, ta rubuta adadin bayit ɗin da ta zuba, sannan ta ƙara tata ƙidayar. Ba a tilasta mata ta mayar da ayyuka a jerin da aka miƙa su ba, sai idan an yi yarjejeniyar haka tun farko, shi ya sa kowane gurbi a zoben mayarwa ke ɗauke da lambar aikin. Wannan adadi da take rubutawa ba ado ba ne. An hana direba ya ɗauki duk abin da ya wuce shi a matsayin amsa. Idan kwano mai cin bayit 1500 ne, saƙon da ya iso kuma 60 ne, ragowar tsohon abu ne da ya kwana a wurin, ƙila sirrin wata manhajar. Direban da ya miƙa kwanon gaba ɗaya ga mai amfani ya ba da abin da ba nasa ba.

Sai batun ƙararrawa. Duk lokacin da baƙuwa ta taɓa mai masauki don ta ce ga aiki, sai an dakatar da ita na ɗan lokaci, kuma wannan dakatarwa tana da tsada idan ana yin ta sau dubbai a daƙiƙa. Saboda haka kowane ɓangare na iya ɗaga tuta ya ce kada a tashe ni, ina kan duba layin da kaina. Akwai ma tsarin da ya fi wannan kyau, inda zai ce kada a tashe ni sai ƙidaya ta kai lamba kaza. Tutar roƙo ce kawai, ba garanti ba, don haka wajibi ne direba ya jure ƙararrawar da ta buga ba dalili. Haɗarin gaske yana ɗaya gefen. A ce direba ya leƙa tuta ya ga an ce kada a tashe ni, a daidai lokacin na'ura ta duba layi ta ga babu komai, ta sauke tuta ta kwanta. Aiki na nan ajiye, mai aiki na barci, mai kaya na jira. Maganinsa shinge na biyu: direba ya ƙara ƙidaya, ya kafa shinge, sannan ya duba tuta. Mai kwanciya kuma ya sauke tuta, ya sake leƙa layin sau ɗaya kafin ya rufe ido.

Akwai abin da kundin ba zai iya yi wa kowa ba. Ya gaya wa kowane ɓangare abin da ya hau kansa, bai ba shi tabbacin ɗayan zai cika nasa ba. Mai masaukin da ya san aikinsa ba ya yarda da lambar da baƙuwa ta rubuta sai ya auna ta, domin wanda ya karɓi hayar sabar yana iya zama ɓarawo mai neman hanyar tsallaka katanga. Da zuwan fasahohi irin su SEV na AMD da TDX na Intel, waɗanda ke ɓoye ƙwaƙwalwar baƙuwa daga mai masauki, zargin ya zama ta kowane gefe: direba ma sai ya duba ko lambar aikin da aka mayar masa tasa ce, ko adadin da aka faɗa bai fi girman kwanon ba.

Bugu na 1.1 ya zo da wani fasali, dunƙulallen layi, inda aka narkar da sassa ukun suka zama zobe ɗaya. Dalili shi ne tsalle tsakanin wurare uku yana cin lokaci, musamman ga na'urar ƙarfe da sai ta ratsa hanyar PCI, wadda ke haɗa ta da sauran kwamfutar, kafin ta karanta kowane. A nan ɓangarorin biyu suna rubutu a gurbi ɗaya, sai dai ba a lokaci ɗaya ba: wasu tutoci biyu a cikin gurbin, haɗe da alamar da kowa ke juyawa idan ya zagayo zoben, su ke faɗin hannun wa gurbin yake a yanzu. An kuma sauke sharaɗin ninkin biyu. Ba a tilasta wa kowa wannan fasali ba. Tun wajen gaisuwar farko na'ura ke jera abubuwan da ta iya, direba ya zaɓi waɗanda ya fahimta, kuma an hana na'ura taɓa ko kwano ɗaya kafin direba ya ce ya shirya. Dunƙulallen layi shi ne zaɓi mai lamba 34 a wannan jeri. Idan na'ura ba ta gabatar da shi ba, ko direba bai karɓa ba, sai a ci gaba da rababben layi.