Tambayoyin da dattawan Maradi ke maimaitawa kan hawan jini da ciwon sukari

Tun da muka fara tara dattawan unguwa domin awo da tattaki da gyaran abinci, tambayoyi iri ɗaya ne ke dawowa duk mako. Ga amsoshinsu a rubuce, kuma ina roƙon matasa su karanta wa iyayensu.

Idan na shiga taron, zan iya daina shan magani?

A'a. Likitan da ya rubuta maganin shi ne mai rage shi, bayan ya duba awon makonni da dama.

Ba na jin ciwon komai, don me za a auna ni?

Hawan jini yakan yi shekaru bai nuna alama ba, kuma mutane da yawa sai ɓarin jikinsu ya shanye suke sanin suna da shi. Idan awo ya kai 140 bisa 90, wato tansiyo 14 da 9 a bakin ma'aikatan asibitinmu, a ranaku biyu daban-daban, hawan jini ne. Sukari kuwa, idan an auna da safe kafin a ci komai ya kai giram 1.26 a lita, sai a sake aunawa domin tabbatarwa.

Na rage gishiri, amma tansiyo bai sauka ba.

Alhaji, gishirin da kuke barbaɗawa a kwano kuka rage, na tukunya yana nan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce giram 5 a yini, kimanin ƙaramin cokalin shayi guda, kuma a cikin lissafin akwai dunƙulen magi, da yajin tsire da na kilishi, da kanwar da ake jefa wa wake da miyar kuɓewa. Shi ya sa muke cewa ku zo da wadda ke girki. Maigida ya zo shi kaɗai ya saurara, ya koma gida ya yi faɗa cewa miya ta yi lami, wannan ɓata lokacin kowa ne. A rage kaɗan-kaɗan, a ƙara albasa da tafarnuwa da citta, cikin makonni harshe yakan saba.

Me ya sa sai a rukuni?

Domin mutum shi kaɗai yakan gaji ya bari. A nan Maradi aka kafa ƙungiyar adashen mata ta Mata Masu Dubara a 1991, kuma kowa ya ga yadda haɗuwar mako-mako ke sa mace ta cika alkawarin zubi. Tattaki ma haka yake buƙata. A wani babban bincike da aka wallafa a Amurka a 2002, masu hatsarin kamuwa da ciwon sukari da aka sa su tafiyar minti 150 a mako da rage ƙiba, kamuwarsu ta ragu da kashi 58 cikin ɗari, a tsakanin masu shekara 60 zuwa sama kuma da kashi 71. Saboda haka kada wani ya sake ce mini ya tsufa da farawa.

Zogale da zoɓo suna warkarwa?

Ba sa warkarwa. Kwaɗon zogale abinci ne mai kyau, zoɓo kuma yana ɗan sauke tansiyo, amma wanda ake ƙullawa a leda cike yake da sukari. Haka shayin fada.

Ina shan maganin sukari da na tansiyo, zan iya yin azumi?

Wannan ba ta da amsa ɗaya, kuma duk wanda ya ba ku amsa a tsaye bai ga takardar maganinku ba, kada ku dogara da shi. Mai shan metformin kaɗai, wanda sukarinsa ke daidai, galibi yakan iya, bayan an gyara masa lokutan sha zuwa buɗa-baki da sahur. Mai shan glibenclamide ko mai allurar insulin lamarinsa daban ne, domin sukarinsa na iya faɗuwa da la'asar, kuma tsoho ba lalle ne ya ji rawar jiki da gumin da ke faɗakar da matashi ba. Wani sai dai a ga ya rikice yana magana ba kan gado. Mai shan maganin tansiyo mai sa fitsari shi ma yana da hatsarin bushewar jiki, musamman idan azumi ya faɗo a bazara, ga shi tsofaffi ba su cika jin ƙishirwa ba. Wanda ƙodarsa ta taɓu, ko ya kwanta asibiti kwanan nan saboda zuciya ko shanyewar jiki, yawanci likita zai hana shi, kuma addini ya yi wa marar lafiya rangwame, ku tambayi malaminku. A je wajen likita wata ɗaya ko biyu kafin watan ya kama, ba ranar da aka ga wata ba. Idan an yarda muku, ku auna sukari da rana, yawancin malamai ba su ɗauki tsira yatsa a matsayin karya azumi ba. Idan sukarin ya sauka ƙasa da giram 0.70 ko ya haura giram 3 a lita, a karya azumin nan take. Da buɗa-baki kuma a yi hattara da kunu da fura masu sukari, domin wasu a nan sukarinsu ke tashi fiye da sauran watanni.

Gwiwata na ciwo, yaya zan yi tattaki?

Hajiya, ku kwantar da hankalinku, ba gudu ake nema ba. Ku fara da minti 10 bayan sallar asuba kafin rana ta yi zafi, ko da zagayen tsakar gida ne, ku riƙa ƙarawa har ya kai minti 30 a kwana 5 na mako. Mai ciwon sukari ya sa takalmi rufaffe, ya duba tafin ƙafarsa da tsakanin yatsu idan ya dawo. Idan ƙirji ya riƙe ko jiri ya ɗebe ku, ku zauna, a kai ku asibiti a ranar.