Me ake nufi da waldar MIG?

MIG taƙaitaccen sunan Turanci ne na waldar da inji ke turo waya da kansa, iskar gas kuma na lulluɓe narkakken ƙarfe. Wayar tana naɗe a cikin injin, wasu 'yan tayoyi biyu suna matse ta suna tura ta cikin tiyo har bakin bindiga, wato abin da mai walda ke riƙewa a hannu. Da an danna kunama, waya da gas da wuta za su fito tare. A Amurka aka fito da ita a 1948, saboda waldar alminiyom. Idan gas ɗin zallar argon ne, MIG ce ta gaskiya. Idan akwai CO2 a ciki sunanta MAG, amma a bakin masu sana'a duk MIG ce.

Gas ɗin nan shi ne ran aikin. Ga ƙarfe na yau da kullum, haɗin argon kashi 75 da CO2 kashi 25 ya fi dacewa, a sake lita 10 zuwa 15 a minti. Iska kaɗan ta kaɗa sai ta ɗauke shi, waldar ta fito da huji-huji kamar saƙar zuma. Tsatsa da fenti da maiƙo ma haka suke yi, don haka a goge ƙarfen sai ya yi ƙyalli. Aikin fili kuwa gara waya mai hoda a cikinta, wadda ba ta buƙatar gas.

Waya mai kaurin milimita 0.8 ta wadatar ga ƙarfe mara kauri. A bar kamar milimita 10 na wayar a wajen bakin bindiga, a karkata bindiga digiri 10 zuwa 15. Gudun waya ne ke ƙara ƙarfin wuta. Ya yi yawa, waya ta riƙa dungurar ƙarfe tana tura hannu baya. Ya yi kaɗan, ta narke ta manne a bakin bindiga. Kunne ke gane daidai: ƙara ce mai santsi, ba yankewa.

Hasken yana ƙona ido da fata, shi ya sa duhun gilashin hular walda ya zama lamba 10 zuwa 13, da safar hannu ta fata da rigar auduga. Hayaƙin ƙarfen da aka shafe da tutiya (zinc) yana sa zazzaɓi. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne argon a cikin tanki ko rami: ba wari, ba launi, ya fi iska nauyi, yana korar iskar numfashi mutum ya faɗi bai ankara ba. A ɗaure tulun gas a tsaye da sarƙa, kuma a sa ido a wurin na aƙalla minti 30 bayan aiki saboda tartsatsi.